Kwalba ta Arba'in da Ɗaya

Daren Talata a Toxteth ta Liverpool,
yayyafi na ƙwanƙwasa tagar Clement Alleyne.
Ya zaro ta daga bayan littattafai
kamar mai sauke jariri daga goyo.
Ya ce, "Istifanus, jawo kujera,
yau gaggawa ba ta da mazauni."

Da hannu aka rubuta a goshinta:
ta arba'in da ɗaya cikin ɗari biyu da sha biyu.
Giyar rake ce, ganga guda tak, daga Barbados,
shekara ashirin da uku tana kwance a duhu.
Ba a surka ba, ba a tace ba,
yadda ta fito haka aka ɗura.
Ƙarfinta sittin da ɗaya cikin ɗari. Na yi fito.

Na ƙirga da yatsu a ƙarƙashin tebur.
Shekarar da aka toshe bakin gangar
ita ce shekarar da na sauka Manchester
da akwati ɗaya da rigar sanyi ta aro.

Ya tsiyaya abin da bai kai cokali biyu ba,
launin jan shayin da ya kwana a buta.
"Kar ka kai baki. Hanci ke fara sallama."
Na kai hanci, ta shara mini mari.
Ƙwalla ta kawo, Clement na ta ƙyaƙyatawa.
Na ja da baya, na sake matsowa
kamar mai neman shiri da karen maƙwabci.

Sai ga mazarƙwaila.

Sai ga Maƙarfi a lokacin matsar rake:
doki na zagaye, ƙarfe na kuka,
Baba Dogara tsaye kan kasko da ludayi,
kumfa na tashi yana kwashewa,
ni da Liyatu, ƙanwata, a gefen murhu
muna faɗa a kan ƙanzo.

Kurɓin farko garwashi ne.
Na riƙe shi a harshe, ban haɗiye ba,
har wutar ta gaji ta zauna.
Bayanta dabino ya shigo, da kanumfari,
tsamiya ta leƙo ta koma,
ƙamshin sabon takalmin fata,
can ƙarshe ɗacin goro, irin wanda
in ka bi shi da ruwa yake zama zaƙi.

Clement ya ɗiga ruwa da bakin cokali,
ɗigo uku, ba huɗu ba.
Ta saki fuska. Ga ayaba da ta nuna sosai,
ga kwakwa da aka babbaka.
Ashe mai zafin rai ma rarrashi take jira.

"Fiye da rabi ya bi iska," in ji shi,
"ta jikin katako, shekara bayan shekara.
Mu kan ce rabon mala'iku ne."
Na yi lissafin nawa rabon da aka ɗiba:
gashin kai, haƙori biyu,
karin maganar da ba ni da wanda zan jefa wa,
jana'izar Baba da na halarta ta waya.
Abin da ya rage a gangar ƙarfi ya ƙara.
Ni kuwa? Ban tambaya ba.

Ya nuna wajen tashar jirage da haɓa.
"Rake ne ya kai kakannina can, a ɗaure.
Daga nan jiragen suke tashi."
Na ce, "Mu a gida taunawa muke, mu tofar."
Muka yi shiru. Agogo ya cike gurbin.

Bai ƙara mini ba, ban kuwa roƙa ba.
Ya mayar da toshi, ya ɗauki fensir,
ya ja layi daidai inda ta tsaya.
"Sai baɗi, in da rai."

Kafin in sa hula na sake shinshina kofin.
Babu komai a ciki,
amma Liyatu na nan, tana lasar yatsa.